Tambayoyinku: Bidiyon biki na cikin waya, Hajiya kuma DVD ne da ita a gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka nufa, wato yadda mutum zai kwashe bidiyo da hotunan biki ko suna daga waya ya maida su faifan DVD mai menu, irin wanda za ka saka ka ga hoto ya fito da rubutu ka zaɓi inda kake so da remot. Na san a nan Legas da yawa sun daina taɓa faifai, amma iyayenmu da ke gida Arewa da yawansu ba su da babbar waya, ko suna da ita ido ba ya ganin ƙaramin allo, talabijin da na'urar DVD ɗin nan dai su ne a ɗaki. Shi yasa nake ɗaukar maganar da muhimmanci.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ina Agege, mun yi sunan ɗana sai na kwafi bidiyon daga waya zuwa laftof na ɗora a faifai na ba direban mota ya kai ma mahaifiyata Katsina, sai aka bugo min waya wai na'urar ta ƙi karanta shi, alhali a laftof ɗina yana yi lafiya lau. Faifan ne ya lalace a hanya?

Amsa: Allah ya raya yaro ɗan'uwa, ya sa mahaddaci ne. Faifanka lafiyarsa ƙalau, matsalar ita ce ajiya ka yi a kansa kamar yadda ake zuba kaya a filashi. Wayarka tana ɗaukar bidiyo ne a tsarin MP4, kwamfuta ta san shi, amma na'urar DVD ta gida musamman tsofaffin nan abun da aka gina ta ta karanta daban ne, ana ce masa DVD-Video. Shi wannan dole bidiyon ya koma tsarin MPEG-2, kuma a jera shi cikin wata folda mai suna VIDEO_TS. In ka saka faifan fim na kasuwa a kwamfuta ka buɗe za ka ga wannan foldar, ciki akwai fayil iri uku, masu ƙarewa da VOB su ne ainihin hoton da sautin, ana yanka su ne kada kowanne ya wuce giga 1, masu IFO su ke gaya ma na'urar ina menu yake ina kowane babi ya fara, BUP kuma kwafin IFO ne na ko-ta-kwana in faifan ya karce. Na'urar Hajiya ta leƙa ba ta ga VIDEO_TS ba shi yasa ta yi shiru. Ba a haɗa wannan folda da hannu, manhaja ce ke yi, ka duba amsar da ke biye.

Tambaya: Yaya don Allah ina so in haɗa bikin ƙanwata a faifai ɗaya, kamu daban, ɗaurin aure daban, walima daban, sai hotuna, yadda Baba zai danna wanda yake so ba sai ya zauna kallon na mata ba. Wace manhaja zan yi amfani da ita kuma kyauta? Daga 'yar'uwarku a Idi-Araba.

Amsa: Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Wadda nake ba mutane shawara ita ce DVDStyler, kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux, ki sauke ta daga shafinta na asali kawai kar ki bi waɗannan shafukan masu tallace-tallace.

Kafin ki buɗe ta ma ki fara gyara kayanki, nan ne aikin yake gaskiya. Ki buɗe folda ɗaya a kwamfuta ki zuba duk bidiyon ki sa musu suna da lamba, 1 kamu, 2 ɗaurin aure, haka haka, ki kalli kowanne ki cire wanda waya ke rawa ko wanda ƙasa kawai aka ɗauka, domin a biki mutum goma ke ɗauka kuma rabi maimaici ne.

Da kin buɗe manhajar za ta tambaye ki sunan faifai da girmansa da tsarin hoto, PAL ko NTSC. Najeriya PAL muke amfani da shi, hoto 25 a daƙiƙa, faɗi 720 tsawo 576, shi za ki zaɓa in tsohuwar talabijin ce mai ƙeya a gidan. NTSC na su Amurka ne, in akwai 'yan'uwa can da za a aika ma sai ki buga musu nasu daban. Sai kuma ko 4:3 ko 16:9, in talabijin ɗin bango ce 16:9, in mai ƙeya ce 4:3. Bayan nan za ta nuna miki samfuran menu ki ɗauki ɗaya, ki jawo bidiyoyin ki sauke su a layin da ke ƙasa bisa jerin da kike so, kowanne zai zama kashi mai zaman kansa. Hoton bayan menu kina iya canza shi da hoton amarya da ango, maɓallan kuma ki danna kowanne sau biyu ki rubuta sunansa ki nuna masa bidiyon da zai buɗe.

Ga abun da na fi so ki kula da shi, menu ɗin nan don Baba kike yin sa. Rubutu ya zama manya, da Hausa, maɓalli huɗu ko biyar sun isa, kuma launin da ke nuna inda remot yake ya fita sosai, rawaya a kan duhu misali. Kar ki kai rubutu bakin allo domin tsofaffin talabijin suna cinye gefe-gefen hoto, ki bar kamar kashi 10 cikin 100 ta kowane ɓangare. Na taɓa yi wa kakata irin wannan na sunan jikanta, da na je gida na tarar ta ɗaure remot ɗin cikin leda saboda ƙura, ba ta karatun boko amma ta gane cewa maɓalli na biyu mai ɗan hoton jariri shi ne wajen aski, shi take dannawa duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta zaunar da shi ya ga "yaran Ikko". Tun ranar nake sa ƙaramin hoto a jikin kowane maɓalli ba rubutu kaɗai ba, ke ma ki yi haka.

In bidiyo ɗaya ya yi tsawo, kamar walimar da ta kai awa guda, ki sa masa babi-babi, cikin bayanan bidiyon akwai wajen rubuta lokuta, ki sa daidai shigowar amarya, daidai wa'azi, daidai addu'a, sai maɓallin tsallakawa na remot ya rinƙa kai mutum can kai tsaye. Tsarin DVD yana ɗaukar har babi 99 a kashi ɗaya, ba za ki ƙure shi ba.

In kin gama kar ki buga a faifai nan take. Ki zaɓi ta fitar miki da fayil ɗin ISO tukuna, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, ki buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC ki danna kowane maɓalli ki tabbatar kamu ba ya buɗe ɗaurin aure, sannan ki buga. Da wannan ISO ɗin ko faifai ashirin dangi suka nema sai ki yi ta bugawa da manhajar buga faifai ta ImgBurn ba tare da sake aikin ba.

Tambaya: Oga da can ina yi da Windows DVD Maker, na sayi sabuwar laftof na neme ta na rasa, ko ramin faifai ma babu.

Amsa: Ba ɓata ta yi ba, a Windows Vista da Windows 7 take, tun Windows 8 da ya fito a 2012 aka cire ta. Ka koma DVDStyler. Ramin faifai kuma ka sayi na waje mai igiyar USB, akwai su a Computer Village Ikeja da Alaba, ka dai tabbatar mai bugawa ne ba mai karantawa kaɗai ba, ka tafi da laftof ɗinka da faifai ɗaya a gwada a gabanka.

Tambaya: Malam ni kayan gwari nake saidawa a Mile 12, yaron shagonmu ya haɗa min faifan walimar saukar 'yata amma hoton ya fito siriri a tsakiya gefe biyu baƙi, fuska duk ta dushe, kuma can gaba baki na motsi magana na zuwa daga baya. Me ya jawo?

Amsa: Masha Allah, Allah ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya. Abu uku ne suka haɗu maka Alhaji. Siririn hoto saboda an riƙe wayar a tsaye ne lokacin ɗauka, talabijin kuwa a kwance take, ba yadda za a yi ya cika allo sai an yanke kai da ƙafa ko a ja shi mutane su yi faɗi, ni dai gara a bar baƙin gefen. Nan gaba duk abun da ake so ya je talabijin a kwantar da waya.

Dushewar kuma ina kyautata zaton ta WhatsApp aka tattaro bidiyon, shi kuwa matse bidiyo yake don ya rage cin data, in aka tura daga wannan zuwa wancan aka sake juya shi zuwa DVD sai ya zama kamar an wanke atamfa sau goma. A koma wajen wanda ya ɗauka da wayarsa a karɓo na asali ta igiya ko Xender, in nesa yake ya turo shi a matsayin dokumen. Wani abun kuma, faifai na giga 4.7, wanda kwamfuta za ta nuna maka 4.38, awa biyu ne adalcinsa, in aka danna masa awa huɗu manhaja za ta rage ingancin hoto don ya shiga. A raba faifai biyu, ko a nemi mai hawa biyu na giga 8.5 duk da ba kowace tsohuwar na'ura ke jituwa da shi ba.

Saɓanin baki da murya daga wayar ne, waya ba ta tsayawa kan adadin hoto ɗaya a daƙiƙa, in haske ya ragu sai ta sassauta, DVD kuma tsayayyen adadi yake so. Maganinsa a fara wuce bidiyon ta HandBrake, ita ma kyauta ce, a ɓangaren bidiyo a zaɓi tsayayyen gudu a sa 25, sannan a kai DVDStyler. Ka nuna ma yaron wannan amsar zai gane.

Tambaya: Hotuna fa? Na sa su a faifai sun rage kyau.

Amsa: Dole su rage 'yar'uwa. Allon DVD 720 ne sau 576, bai kai rabin megafiksel ba, hoton wayarki kuwa yana iya kai 12 ko fiye. Don kallo a falo ya wadatar, ki jawo hotunan cikin manhajar za ta jera su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa biyar kowanne ya yi, kina iya sa sauti a ƙarƙashi. Amma don Allah kar ki goge na asali ki ce ai suna faifai, ranar da kika so wanke hoto babba na bango wanda ke cikin DVD ba zai yi ba. Na asali su zauna a ma'ajiyar kwamfuta (hard disk) ko filashi, da kwafi na biyu a wani gidan ko Google Drive.

Tambaya: Wane faifai zan saya, na ga wani an rubuta DVD-R wani DVD+R, kuma guda uku sun lalace min ana tsakiyar bugawa. Daga Obalende.

Amsa: In ba ka san na'urar da za a kalla da ita ba ɗauki DVD-R mai alamar ragi, shi ya riga fitowa kuma tsofaffin na'urori sun fi saninsa. Mai RW ana gogewa a sake, yana da kyau don gwaji amma ba don kyauta ba. Lalacewa kuma yawanci gudu ne, ko an rubuta 16x a jiki kai ka sa 4x ko 8x, 'yan mintuna ne za su ƙaru. Ka rufe sauran manhajoji, laftof ta kasance da caji sosai domin in wuta ta ɗauke ko aka juya zuwa janareta ana cikin bugawa a kwamfutar tebur marar UPS, wato batirin riƙe wuta, faifan ya tafi kenan, kuma ka sa alamar tantancewa don ta sake karanta abun da ta buga. Akwai jabu kuma a kasuwa sosai, na taɓa sayen gwangwani guda mai arha a wani shago, da na ɗaga ɗaya a hasken taga sai na ga launin bayan bai yi daidai ba, gefen ya yi dabbare-dabbare kamar ruwa ya taɓa, cikin goma huɗu ne suka yi. Ka sayi biyu ka gwada kafin ka ɗauki gwangwani.

In ka buga ka rubuta suna da shekara da maka mai laushin baki, banda biro, kuma kar ka manna takarda a kai tana sa faifai rawa cikin na'ura. Ka sa shi a kwalinsa na roba, nesa da rana da damshin nan na Legas.

Tambaya: Malam ina da kaset ɗin bidiyo na auren iyayenmu, za a iya maida shi faifai mai menu?

Amsa: Za a iya, kuma ina roƙonka kar ka jinkirta. Fara duba ta 'yar tagar kaset ɗin, in ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren to fumfuna ce, damina da iskar teku ke kawo ta, kar ka saka shi a na'ura haka nan zai ɓata kan na'urar ya kuma iya tsinkewa, kai shi wajen masu gyaran bidiyo su tsaftace tukuna. In zaren baƙi ne sumul, kana buƙatar na'urar kaset mai aiki da ɗan abun ɗauka na USB mai ramuka uku, rawaya na hoto, ja da fari na sauti. Kaset na tafiya kwamfuta na ɗauka, awa uku na kaset awa uku za ka zauna, ba a gaggauta shi. Wajen haɗa faifan ka zaɓi PAL da 4:3 domin a haka aka ɗauke shi, in ka sa 16:9 su Baba za su fito a baje. Fayil ɗin da ka ɗauka ka adana shi daban kafin ka taɓa komai, kaset ɗin ma ka mayar da shi kwalinsa ka jingine shi a tsaye cikin kabad inda ba laima.