An rufe gidan abincin da muke ƙauna saboda rashin tsafta, yanzu an buɗe: in koma?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Akwai wani gidan abinci da nake ci a cikinsa tun ina saurayi. Mai wurin dattijuwa ce mai mutunci, kowa Mama yake ce mata, kuma ba ta taɓa korar mai jin yunwa don ba shi da kuɗi ba. Kwanakin baya ma'aikatan duba-gari suka rufe wurin na 'yan kwanaki. A takardar da suka liƙa a ƙofa sun ce firij ba ya sanyi yadda ya kamata, an sami ɗanyun kaji a saman dafaffen abinci, babu sabulu a wurin wanke hannun ma'aikata, an ga kashin ɓera a ɗakin ajiya, daɓen kicin ya tsage, kuma wasu ma'aikatan ba sa rufe kai. Yanzu an buɗe. Mutane na cewa hassada ce, wani ne ya kai ƙararta. Ni dai ban taɓa yin ko ciwon ciki ba saboda abincinta. Amma matata tana da juna biyu, mahaifiyata kuma ta tsufa, kuma ina sayo musu daga can. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya ƙara wa mahaifiya lafiya.

Za ka iya komawa, amma sai ka tabbatar an gyara abubuwa uku daga cikin shidan nan, kuma abin da za ka sayo wa matarka da mahaifiyarka yana buƙatar taka-tsantsan fiye da naka.

Abubuwan da aka rubuta a takardar ba nauyinsu ɗaya ba. Tsagaggen daɓe da rashin rufe kai laifi ne, don datti yana maƙalewa a tsaga, kuma ba wanda yake son ya tsinci gashi a farantinsa, amma da wuya su kwantar da mutum a asibiti. Kashin ɓera ya fi su muni, ɓera yana yawo da ƙwayar cutar Salmonella da wasu cututtukan, kuma sau da yawa shi ne yake sa a rufe wuri nan take. Sai dai maganinsa a bayyane yake: a zubar da duk abin da ya taɓa, a toshe ramuka, a ɗaga buhuna daga ƙasa, a sa kaya a mazubi mai murfi. Ukun da suka rage, wato firij da ɗanyun kaji da sabulu, su ne suka fi tayar mini da hankali, kuma su ne mai cin abinci ba ya iya gani daga kan teburinsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta daɗe da gano abubuwa biyar da suka fi jawo ɓarkewar cuta a gidajen abinci: sayen kaya daga inda ba a amince da shi ba, rashin dafawa sosai, ajiye abinci a zafin da bai dace ba, gurɓatattun kayan aiki, da rashin tsaftar ma'aikaci. Takardar Mama ta taɓo uku daga ciki.

Mu fara da firij. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyos ƙwayoyin bakteriya suke hayayyafa. Idan sun sami abin da suke so, wato ɗumi da danshi da abinci mai gina jiki, wasunsu suna ninka yawansu duk minti 20. Ka yi lissafi: ƙwaya ɗaya tak za ta iya haura miliyan 2 cikin awa 7. Firij ɗin da yake kan digiri 10 ko 12, idan ka sa hannu za ka ji sanyi, kuku ma zai rantse yana aiki, alhali abincin ciki yana lalacewa a hankali. Shi ya sa jami'i ba ya yarda da hannu. Ma'aunin zafi mai tsinke yake fitarwa, ya goge shi, ya soka har tsakiyar kwanon, ya jira lambar ta tsaya. Hanci ma ba ya taimako a nan. Ƙwayoyin da suke sa abinci ya yi tsami ko wari daban ne da waɗanda suke kawo cuta, don haka abinci zai iya yin ƙamshi, ya yi daɗi a baki, kuma ya kayar da mutum.

Za a ce ai ana ɗumamawa kafin a zuba. Ɗumamawa har abinci ya tafasa tana kashe yawancin ƙwayoyin, amma akwai waɗanda kafin a kashe su sun riga sun zuba guba a cikin abincin, kuma gubar ba ta jin wuta. Staphylococcus aureus, wadda take zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya da yawa, haka take yi: ta bi hannu ta shiga abinci, abincin ya jima a waje, wanda ya ci ya kama amai cikin rabin awa zuwa awa 8. Bacillus cereus kuma a dafaffiyar shinkafa ta fi shahara, ƙwayarta tana da sulken da yake tsallake dafuwar farko, idan shinkafar ta huce a waje sai ta farfaɗo. Akwai ta uku, Clostridium perfringens, mai son babbar tukunyar nama ko miya. Idan an sauke irin wannan tukunya, gefenta zai huce, tsakiyarta kuwa ta kwana da ɗumi. Dokar abinci ta Amurka ta ce a sauko da zafin dafaffen abinci daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, sannan zuwa digiri 5 cikin ƙarin awa 4. Da wuya babbar tukunya ta cika wannan sharaɗi idan ba a rarraba abincin a kwanuka marasa zurfi ba.

A nan ne nake tausaya wa irin su Mama ƙwarai. Yawancin wuraren da jama'a suke ƙauna ba ƙazanta ce take kai su ga haka ba, kasuwa ce ta fi ƙarfin kicin. An fara da tukunya biyu da firij ɗaya, masu saye suka ninka sau goma, firij yana nan guda ɗaya. Ana cusa masa kaya har iska ba ta zagayawa, ana buɗe shi ba iyaka, robar ƙofar ta saki. Idan kaji suka iso babu wuri, sai yaron kicin ya ɗora su inda ya ga sarari, wato a sama. Ruwan ɗanyar kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cutar Salmonella da Campylobacter sau da yawa, kuma ɗigo kaɗan a kan abincin da ba za a sake dafawa ba ya isa. Ƙa'idar ita ce ɗanyen nama a can ƙasa cikin mazubi mai murfi, dafaffe a sama. Haka katakon yanka da wuƙa: wanda aka yanka kaza a kai ba a yanka ganyen da za a ci ɗanye a kansa. Sai kuma tsumman nan guda ɗaya da yake rataye a kafaɗar kuku, a goge hannu da shi, a goge tebur, a goge bakin faranti. A ganina babu abin da ya kai shi raba cuta a kicin.

Maganar sabulu kuwa, mutane suna raina ta, ni ba na raina ta ko kaɗan. Cututtuka irin su taifot da ciwon hanta nau'in A da norovirus, mai sa amai da gudawa, daga bayan gidan mutum suke fitowa su bi hannu su shiga abinci. Ɗauraye hannu da ruwa zalla ba ya wadatarwa, sai an cuɗa da sabulu na kamar daƙiƙa 20. Kuma ba lallai ne ma'aikacin ya ji rashin lafiya ba. A birnin New York an yi wata kuku mai suna Mary Mallon, wadda a 1907 wani mai bincike, George Soper, ya gano cewa gidajen da ta yi wa girki taifot yana biyo bayanta, ita kuwa garau take. Aka killace ta, aka sake ta a 1910 bisa alkawarin ba za ta ƙara yi wa mutane girki ba. A 1915 aka same ta tana girki a wani asibitin haihuwa inda mutum 25 suka kamu, biyu suka mutu. Ta ƙare rayuwarta a killace a 1938. Har yau kaɗan daga cikin waɗanda suka warke daga taifot suna ci gaba da ɗauke da ƙwayar a maɗaciyarsu ba tare da sun sani ba. Shi kuma ma'aikacin da yake amai ko gudawa, ƙa'ida ita ce kada ya taɓa abinci sai ya yi awa 48 da warkewa. Inda ake yanke wa mutum kuɗin ranar da bai zo ba, ɓoye ciwon zai yi ya zo aiki, don haka gyaran wannan yana hannun mai wurin.

Ka ce ba ka taɓa yin ciwon ciki ba saboda abincinta. Na yarda da gaskiyarka, amma da wuya mutum ya iya tabbatar da haka. Duk wanda cikinsa ya ɓaci abincin da ya ci na ƙarshe yake zargi, alhali Salmonella takan ɗauki awa 6 zuwa 'yan kwanaki kafin ta bayyana, Campylobacter kwana 2 zuwa 5, taifot mako ɗaya zuwa uku, ciwon hanta nau'in A kuwa kwana 15 zuwa 50. Wa zai tuna abin da ya ci wata guda da ya wuce? Sannan kai namiji ne mai ƙarfi, abin da zai sa ka gudawar yini ɗaya ka manta, shi ne zai iya kwantar da tsohuwa saboda ƙarewar ruwan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kimanin mutum miliyan 600 suna kamuwa da cuta daga gurɓataccen abinci duk shekara, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mai juna biyu tana da nata haɗarin na daban, wato ƙwayar cutar Listeria, wadda take iya hayayyafa ko a cikin sanyin firij. Uwar tana iya jin ɗan zazzaɓi kawai, amma ƙwayar ta kai ga ɗan ciki ta jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci.

Batun hassada kuma, mai yiwuwa ne wani ya kai ƙara da mugun nufi, hakan yana faruwa. Amma mai hassada ba shi ya ɗora kaji a saman dafaffen abinci ba, kuma ma'aunin zafi bai san fuskar kowa ba. Idan Mama tana ganin an zalunce ta, a wasu wurare doka ta ba ta damar neman a sake dubawa. Masu cewa a bar ta don mutuniyar kirki ce ba su yi mata gata ba, domin ranar da mutum goma suka kwanta daga tukunya ɗaya, sunan da ta yi shekaru tana ginawa ne zai zube, ita ma ba za ta yafe wa kanta ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kada kuma ka yanke mata hukunci da takarda ɗaya. Dubawa hoton rana guda ce. Shi ya sa wuraren da suke bayyana sakamako ga jama'a suke komawa su sake auna wurin: New York tana liƙa harafin A ko B ko C tun 2010, Ingila tana ba da maki daga 0 zuwa 5, Denmark tana amfani da hoton fuska mai murmushi ko ɓacin rai tun 2001. Abin da ya fi nuna halin gidan abinci shi ne ko laifi ɗaya yana maimaituwa. Wanda aka kama sau ɗaya ya gyara, sau da yawa ya fi maƙwabcinsa da ba a taɓa dubawa ba aminci. Wanda kuwa aka tarar da mataccen firij a zuwa biyu ko uku a jere, ka guje shi komai daɗin girkinsa.

Tunda kun saba, je ka gaishe ta a lokacin da ba cunkoso, ka tambaye ta cikin ladabi: Mama, firij ɗin gyara shi aka yi ko an sauya? Akwai ma'aunin zafi a ciki? Jami'an sun dawo sun duba kafin a buɗe? Wanda ya gyara da gaske yakan ja ka ya nuna maka da kansa. Ka leƙa wurin wanke hannu ka ga ko da ruwa da sabulu, kuma ko sabulun jiƙaƙƙe ne, don busasshen sabulu a tsakiyar yini shaida ce ba a taɓa shi ba. Ka lura ko mai zuba abinci shi ne yake karɓar kuɗi da hannun da yake zuba abincin da shi. Bayan wata guda ko biyu ka sake lura, domin makon farko bayan rufewa kowane kicin yana ƙyalli.

Ga matarka da mahaifiyarka, a yanzu ka tsaya kan abin da aka sauke daga wuta yana turiri. Ka bar ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye, da ƙwan da bai dahu sosai ba, da duk abin da aka ɗauko daga firij aka miƙo da sanyinsa. Kaza ka yanka ta wajen ƙashi ka duba, kada a ga ja ko ruwan jini. Idan ka kai gida a ci kafin awa 2, in ba haka ba a sa a firij, kuma in za a ɗumama a bar shi ya tafasa har tsakiya.

Idan ɗayansu ta fara gudawa ko amai, a fara ba ta ruwan gishiri da sukari nan da nan. A tafi asibiti ba jinkiri idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman da ba ya barin ruwa ya zauna, ko fitsari ya ragu sosai, ko idanu suka yi rawaya. Matarka kuwa ko zazzaɓi kaɗai ta ji a kai ta, a gaya wa likita abin da ta ci da inda aka sayo. Idan kuma ka ji wasu da suka ci a wurin rana ɗaya sun kwanta, ka sanar da Mama, ka sanar da ofishin duba-gari a ranar, kafin a sayar da ragowar tukunyar.