Yaya ake auna furotin a cikin harawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina turkar raguna a Tudun Wada, Zariya, kuma nakan ga an rubuta adadin furotin a jikin buhun abincin dabbobi. Yaya ake sanin wannan adadi, kuma zan iya kai harawar wakena a auna mini?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, domin irin wannan awo sananne ne a ɗakunan gwaje-gwaje irin na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, sai ka je ka tambayi tsarinsu.

Hanyar da aka fi amfani da ita wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johan Kjeldahl, ne ya fito da ita a shekarar 1883, kuma abin da take aunawa a zahiri shi ne sinadarin naitirojin. Za a busar da harawar, a niƙe ta ta zama gari, a ɗebi kimanin giram ɗaya a dafa cikin ruwan asid mai ƙarfi. Da farko zai yi baƙi ƙirin kamar gawayi, daga baya ya washe tas. Sai a zuba soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, iskar amoniya mai ɗauke da naitirojin ɗin ta tashi, a tare ta a auna. Da yake kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, ana ninka sakamakon da 6.25, idan an sami kashi 2 na naitirojin, furotin ɗin ya kama kashi 12.5 ke nan.

A nan ne nake so ka yi hattara, domin awon ba ya bambanta naitirojin na abinci da na algus. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, ɗan kaɗan aka barbaɗa sai lambar ta haura. Da irin wannan ha'inci aka zuba melamin, wani sinadari mai yawan naitirojin, a madarar jarirai a ƙasar Sin a 2008.

Wajen ɗaukar samfur kuma, kada ka tsinto ganyen da ya fi kyau. Ganye ya fi kara furotin, kuma harawar da ganyenta ya kakkaɓe wajen ɗauka ta yi asara. Ka ɗebo daga dami daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ka cuɗa su, ka kai a busasshiyar takarda, domin leda tana riƙe danshi har harawar ta yi fumfuna.