Re: Yaya metileshan ke kashe jin alhali DNA ɗin bai canza ba?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana karatu a Samaru, kuma abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda jin (gene, yankin DNA mai ɗauke da umarnin gado) ke yin shiru ba tare da harafin DNA ko ɗaya ya canza ba.

To a dabbobi masu shayarwa, enzayim DNMT3A da DNMT3B ne ke liƙa metil, wato CH3, a kan sitosin (harafin C na DNA) inda guwanin (harafin G) ke biye da shi, wurin da ake kira CpG, wannan liƙawar ita ce metileshan, shi kuma DNMT1 yana kwafe alamar duk sanda sel ya rabu, shi ya sa sel ɗin hanta ke haifar na hanta. In metil ya taru a furomota, wato farkon jin inda ake kunna shi, furotin masu kunna jin ba sa samun wurin zama, sai furotin irin su MeCP2 su zo su janyo masu ƙulle kuromatin (DNA da furotin da ya naɗe a kai) tamau, kamar shago ne da kaya cike amma an garƙame ƙofa. A mata haka ake riƙe kuromosom X ɗaya cikin biyun da suke da su a kashe.

Inda ɗalibai ke faɗuwa a jarabawa, su ce mutashan ne, wato canjin harafin DNA, a'a, enzayim TET na iya warware shi. Kuma ba kullum yake kashewa ba, a tsakiyar jin ma an fi ganinsa a masu aiki.

Batun cutar kansa (ciwon daji) da ka taɓo kuwa, in wani ne ba lafiya a gida, ku je asibitin koyarwa na Shika ku ga likita. In kuma na furojet ne, ka samu malaminka na bayokemistiri.