Tambaya da amsa: finafinan dariyar da ta fi kuka ciwo

Tambaya: Salam Yaya, barka da aiki. Ƙanina ne ya tura min wani fim a waya ya ce wai na barkwanci ne in kalla in huta, sunansa The Banshees of Inisherin. Wallahi na zauna da kofin shayina ina jiran dariya sai ga mutum yana datse yatsunsa yana jefa wa abokinsa a ƙofa. Abin da ya dame ni ma shi ne na yi dariyar, daga baya kuma kunya ta kama ni. Don Allah wannan barkwanci ne ko dai ƙanin nawa ne ya raina min hankali?
Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bai raina miki hankali ba, sai dai bai gama yi miki bayani ba, kin san halin ƙannen nan. Barkwanci ne, amma ba irin wanda muka saba da shi tun zamanin marigayi Ibro ba inda za a zame a faɗi a kwata kowa ya tuntsire a tashi. Wannan nau'in da gangan ake gina shi a kan abin da bai kamata a yi wa dariya ba, mutuwa, kaɗaici, gaba, gidan da ya rikice, sai a jera su ta yadda dariyar za ta kuɓuce miki kafin ki ankara. Kunyar nan da kika ji ma tana cikin lissafin mai fim ɗin.

Wanda bai kalla ba kuma ba ya so a ɓata masa labari ya tsallake nan. Fim ɗin na 2022 ne, Martin McDonagh ya rubuta kuma ya ba da umarni, labarin yana faruwa a 1923 a wani ɗan tsibiri na ƙirƙira a gefen ƙasar Ailan, lokacin yaƙin basasarsu. Pádraic, wato Colin Farrell, kullum ƙarfe 2 na rana yana zuwa ya ɗauki amininsa Colm su tafi wurin zamansu, rannan kawai Colm ya ce ya daina kula shi, ba faɗa ba cin amana, wai shi dai hirarsa ce ba ta da ma'ana, har ya tuna masa ranar da ya shafe awa 2 yana ba shi labarin abin da ya gani a cikin kashin dabbarsa. Colm mai goge ne, tsufa ya fara kama shi, yana so ya bar waƙar da za a tuna shi da ita. Da Pádraic ya ƙi rabuwa da shi sai ya rantse duk sanda ya ƙara yi masa magana zai yanke yatsa ɗaya da almakashin askin tumaki. Toh ki duba fa, yatsun da yake kaɗa gogen da su, gogen da saboda shi ya yanke abotar. Nan dariyar take, kuma nan ciwon yake, wuri ɗaya.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai 'yar jakar Pádraic ce, Jenny. Pádraic mutum ne da in ka cire 'yar'uwarsa Siobhán da Colm ba shi da kowa, ita kuma ta gaji ta tattara ta bar tsibirin ta kama aiki a ɗakin karatu, sai ya rage daga shi sai jaka a cikin ɗaki, jakar kuma ta shaƙe da ɗaya daga cikin yatsun da aka jefo ta mutu. In aka ba ki labarin da baki za ki ce shirme ne. A fim ɗin kuwa daga nan mutumin kirkin nan ya canza har ya je ya cinna wa gidan Colm wuta, amma sai da ya fara ɗauke karen gidan tukun. Duk wannan ana yi ana jiyo ƙarar bindiga daga tsallaken ruwa inda 'yan ƙasa ɗaya ke kashe juna. An saka fim ɗin a takarar Oscar a rukuni 9 bai ci ko ɗaya ba, wanda ni har yau ina ganin an zalunce shi.

Tambaya: Malam ni fa ban yarda da finafinan nan ba. Na kalli Little Miss Sunshine, uba an mai da shi sakarai, kaka ɗan ƙwaya, sannan a saci gawa daga asibiti ana dariya. Wannan ai tona asirin gida ne da wulaƙanta mamaci. Me za a ƙaru da shi?
Daga wani malamin makaranta a Maraɗi

Amsa: Malam Allah ya ƙara girma, kuma ban ce ba ka da hujja ba, don kakan nan bakinsa ba linzami, ni ma akwai wuraren da na rage sauti. Amma mu koma teburin cin abincin nan na farkon fim ɗin. Mutum 6 a zaune kan soyayyar kazar da aka sayo a bokiti. Uban yana koyar da mutane matakai 9 na samun nasara alhali shi ko sisi bai samu da su ba. Kawun an sallamo shi daga asibiti bayan ya yi yunƙurin kashe kansa. Saurayin gidan ya yi watanni bai furta kalma ba sai dai ya rubuta a takarda, wai sai ya zama matuƙin jirgi zai yi magana. Uwar tana ta ƙoƙarin riƙe kowa har ta fara sakewa. Gida cike da mutane amma kowa shi kaɗai yake, kuma Malam in za mu faɗa wa juna gaskiya wannan ba ciwon Turawa ne kaɗai ba, akwai gidan da za ka ƙirga kai 20 a tsakar gida kuma a ciki akwai wanda rabon da a tambaye shi me ke damunsa tun bara.

Abin da ya haɗa su kuwa ba nasiha ba ce, mota ce. Tsohuwar bas ɗin Volkswagen rawaya da suka ɗauka daga Albuquerque zuwa Kalifoniya don kai 'yar autarsu Olive mai shekara 7 gasar sarauniyar kyau ta yara, kulocin ya lalace a hanya, don haka duk tashi sai kowa ya fito an tura sannan a bi da gudu ana ɗanewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa tura mota a hanyar ƙauye ya san a lokacin nan ba a gaba.

Maganar gawa. Kakan ya rasu a hanya, asibiti suka tsare su da cike-ciken takardu, lokacin gasa na ƙurewa, gasar da shi kakan ne ya yi ta koya wa yarinyar rawarta. Barinsa a can su tafi ba su iya ba, fasa tafiyar ma ba su iya ba, sai suka naɗe shi a zanin gado suka fitar ta taga. Shirme ne, na yarda, amma shi ne karon farko a fim ɗin da uban ya yi wani abu don wani ba don kansa ba. Kuma Malam ai mu ma muna da namu, in tsoho ya cika shekaru ya rasu jikoki sukan zo gidan makoki da tsokana, wannan ta ce mijina ya gudu ya bar ni da cefane, a yi dariya ido na zubar da hawaye, ba wanda ya ce sun wulaƙanta shi. Wasan kaka da jika ne ya ba su wannan lasisin. Fim ɗin ya fito a 2006, ya ci Oscar 2, ɗaya na rubutun labari ɗaya kuma Alan Arkin da ya fito a kakan.

Inda zan bi bayanka shi ne akwai masu yin irin fim ɗin da ba sa tausayin mutanen da suka ƙirƙira, kawai su tara musu masifa su koma gefe suna kallo. Waɗannan ni ma minti 30 nake kashewa.

Tambaya: Yaya mu 'yan Indiya ne tun na kaset, babu irinsu a can ne?
Daga wata mai karatu a Kumasi

Amsa: Akwai mana, sai dai su sukan ɗan zuba sukari a kai. Nemi Piku na 2015. Amitabh Bachchan ne tsoho ɗan shekara 70 da ba shi da zance sai na taurin bayan gida, a kan abinci, a gaban baƙi, har saƙo yake aika wa 'yarsa ofis a kan yadda ta kaya da safe. Deepika Padukone ce 'yar, ta riƙe shi ita kaɗai, shi kuma duk wanda ya raɓe ta sai ya san yadda ya kore shi don kada ta yi aure ta bar shi. Suka kama hanya daga Delhi zuwa Kolkata da kujerar bayan gidansa ɗaure a saman mota, Irrfan Khan yana tuƙi don direbobin kamfaninsa duk sun ƙi zuwa. Duk macen da ta taɓa jinyar tsoho mai rigima, tana sonsa kuma tana jin kamar ta yi ihu, za ta ga kanta a ciki.

Sai Kapoor & Sons na 2016, inda Rishi Kapoor ya fito a kaka mai shirin cika 90 da yake yawan kifewa ya yi kamar ya mutu wai yana gwaji, 'yan gidan har sun saba ba mai ɗaga kai. Burinsa ɗaya a yi hoton iyali gaba ɗaya, amma duk sanda aka taru sai faɗa. Akwai wani wuri da mai gyaran famfo yake aiki miji da mata da 'ya'ya suna ta tone-tone a kansa, bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. A ƙarshe an yi hoton, amma da hoton kwali na mutum ɗaya a tsaye a gurbinsa. Irrfan da Rishi kuwa kwana ɗaya ne tsakanin rasuwarsu, 29 da 30 ga Afrilun 2020.

Tambaya: A taƙaice dai, za a iya kunna su a falo da yara?
Daga wani magidanci a Bauchi

Amsa: A'a Alhaji. Banshees akwai jini da zagi, Little Miss Sunshine duk da yarinya ce a jikin fostar akwai ƙwaya da batsar baki, Kapoor & Sons ma akwai batutuwan da za su jawo tambayoyin da ba ka shirya amsawa ba. Piku ne mai ɗan dama-dama, shi ma ka fara kallo kai kaɗai, kuma ko me za a yi kada a kunna shi lokacin da aka zubo tuwo.