Amsa ga mai son koyon rawar gargajiya don motsa jiki

Ɗan uwa ka ce zaman ofis ya ishe ka, kana son koyon rawar gargajiya don nishaɗi amma kana ganin ka girma. Wallahi ba ka girma ba, ni ma sai da na ajiye tumbi na fara.

Sai dai kar ka fara da koroso kai tsaye. Kallonta daɗi, ga sarewa na tashi ga kacau-kacau ɗin da suke ɗaurawa a ƙafa, wanda daga shi rawar ta samo sunanta, amma akwai tsalle da lanƙwasa jiki da ɗaga abokin rawa, masu yinta tun suna yara suka saba. Ranar farko da na gwada, minti goma ban kai ba na zauna ina haki, kwana uku ina sallah da ƙyar saboda cinyoyi.

Fara da takai, kowa da ɗan sandarsa ana zagaye, ka juya ka buga da na gabanka ka juyo ka buga da na bayanka, kiɗan ne zai riƙa gaya maka lokacin bugu. In ka yi latti kuma yatsanka ne zai sha, haka na koya ai.

In kana Kano ka leƙa Gidan Ɗan Hausa, nan hukumar tarihi da al'adu ta jiha take, ka tambayi lokacin atisayen 'yan rawarsu. Bidiyon YouTube yana taimakawa amma ba kamar makaɗi a gabanka ba. Ka tafi da ruwa da wando mai walawa, ka bar babbar riga a gida.