Amsa ga nas ɗin da ya yi tambaya kan jarabawar IELTS

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce kai nas ne a nan Sakkwato, kana son tafiya Ingila aiki, an ce maka sai da IELTS, wato jarabawar auna iya Turanci. Kana son sanin wata nawa shiri zai ɗauke ka, ko dole ne ka shiga lesin, sannan akwai wani da ya ce zai samo maka takardar sakamako ba tare da ka zauna jarabawa ba. Ni na rubuta ta lokacin da zan tafi karatun digiri na biyu, kuma tun da na dawo nake zama da masu shiri, galibinsu ma'aikatan asibiti irinka. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Mai takardar nan ka rabu da shi tun yau. Kowace takardar sakamako tana da lambarta, kuma hukumar da ka miƙa wa za ta shiga rumbun masu jarabawar ta duba, har da hoton da aka ɗauke ka ranar da ka rubuta. In ba su same ka a ciki ba, ba kuɗinka kaɗai ya salwanta ba, domin Ingila tana iya hana mutum biza har shekara 10 idan ta kama shi da takardar bogi. Su ma masu karɓar miliyoyi da sunan za su samo wa mutum aikin kula da tsofaffi, ka sani tun watan Yulin 2025 Ingila ta daina ɗaukar sababbin ma'aikata daga waje a wannan layi. Wannan kenan.

Kafin ka sayi littafi ko ɗaya, ka san wace IELTS ake nema a wurinka, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai Academic, akwai General Training, akwai mai tambarin UKVI da ofishin bizar Ingila ke nema a wasu nau'ukan biza, akwai kuma Life Skills, wadda sauraro da magana ne kawai, ita ce matar aure ko miji ke yi a matakin farko, wato A1, don bin abokin zama. Na sha ganin wanda ya biya kuɗi ya rubuta, ya ci, sai daga baya aka ce masa ba ita ba ce. Kai da kake nas, hukumar rajistar nas-nas da ungozoma ta Ingila, NMC, ita ce mai magana a kanka, kuma Academic take karɓa. Makin da take so 7 ne a sauraro, 7 a karatu, 7 a magana, 6.5 a rubutu. In ka cika sharaɗinta, ofishin biza ba zai sake neman wata jarabawar Turanci a wurinka ba. Masu neman zama a Kanada su General Training suke yi, likitoci masu zuwa Ingila kuma hukumarsu 7.5 take nema a jimla. Saboda haka shawarar abokinka mai shirin Kanada ba lallai ta yi maka daidai ba.

Na san za ka ce ai da Turanci muka yi karatu tun firamare. Haka ne, amma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ofishin bizar Ingila ya ɗauke wa wannan sharaɗi. Ni ma abin yana ci mini rai, sai dai jin haushi ba ya ƙara maki.

Batun wata nawa kuwa, babu wanda zai iya ba ka amsa sai ka gwada kanka. Ka nemi ɗaya daga cikin littattafan gwaji da Cambridge ke fitarwa, su ne mafi kusa da ainihin jarabawar tunda Cambridge na cikin masu ita, tare da British Council da IDP. Ka kulle ɗaki, ka kashe waya, ka ajiye agogo a gabanka, ka yi sauraro da karatu da rubutu a zama ɗaya, kusan awa biyu da minti 40 ba tashi. Sauraro tambaya 40 ne, karatu ma 40. Wanda ya ci kamar 30 ya kama 7, mai kamar 23 yana kan 6. In ka tsinci kanka a 6 ko 6.5, wata biyu zuwa uku na aiki kullum ya isa a ganina. In 5 ka samu, kada ka yi rajista tukuna, ka ba kanka wata shida, domin a nan Turancin ne ke buƙatar gini, dabarun jarabawa ba za su rufe ramin ba.

Sauraro da karatu kai kaɗai za ka iya gyara su. A sauraro sau ɗaya tak ake kunna muryar, kuma za ka ji harshen Bature ɗan Ingila, da na Ostireliya, da na Amurka. Mu nan kunnenmu ya saba da sashen Hausa na BBC da DW, to ka juya zuwa sashen Turanci, ko da kana kan kabu-kabu ne zuwa wurin aiki. Tarkonsu sananne ne: mai magana zai ce ranar Talata, sai ya gyara ya ce a'a Laraba, kai kuwa ka riga ka rubuta Talata ka wuce. Za a karanto suna harafi-harafi, ko lambar waya, ko a ce 13 kai ka ji 30. Kuskuren harafi ɗaya ya kashe amsa, haka in an ce kada amsa ta wuce kalma biyu ka rubuta uku. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada ka bar gurbi. A karatu matsalar lokaci ce, dogayen rubutu uku cikin minti 60. Abin da ya fi wahalar da mutanenmu shi ne tambayar da ake so ka ce magana gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko ba a faɗe ta a rubutun ba. Kai ma'aikacin lafiya, in rubutun ya faɗo kan zazzaɓin cizon sauro, sai ka amsa da abin da ka sani daga asibiti. Ba saninka ake tambaya ba, abin da ke kan takardar ake tambaya.

Rubutu shi ne inda ake kayar da mu, kuma a nan zan daɗe. Na ga masu 8 a sauraro da karatu da suka maƙale a 6 a rubutu, zama bayan zama, suna cewa an zalunce su. In ka karanta abin da suka rubuta sai ka ga dalili. Tarbiyyar da muka samu a makaranta ita ce wanda ya fi zuba manyan kalmomi shi ne gwanin Turanci. Sai mutum ya buɗe da doguwar shimfiɗa irin ta muhawarar sakandare, ya jefa karin magana, ya kawo kalmar da shi kansa bai tabbatar da ma'anarta ba, lokaci ya ƙare bai taɓa tambayar ba. Mai dubawa kuwa abu huɗu ne a gabansa, kowanne da kaso daidai: ka amsa abin da aka tambaya, maganarka ta jeru tana bin juna, kalmominka sun dace da wurinsu, nahawunka yana da faɗi kuma ba kurakurai. Babu gurbin burgewa a ciki.

Aiki biyu ne cikin awa ɗaya. Na farko za a ba ka zanen alƙaluma, ko jadawali, ko taswira, ko matakan yadda ake sarrafa wani abu, ka bayyana da kalma 150 ko fiye. Ba a son ra'ayinka a nan, kuma ba a son ka kwafe kowace lamba. Ana son jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin babban abin da zanen ke nunawa, me ya hau, me ya sauka, wane ya fi, sannan ka zaɓo alƙaluman da ke tabbatar da hakan. Wanda bai kawo wannan taƙaitawar ba da wuya ya yi nisa. Na biyu insha'i ne na kalma 250 ko fiye, kuma makinsa ya ninka na farkon, shi ya sa ake ba shi minti 40, na farko 20. Da yawa suna cinye rabin awa a kan zane, su zo insha'in a guje. Ka ɗauki minti biyar ka tsara kafin ka fara. In an ce ka tattauna ɓangarori biyu ka kuma faɗi naka ra'ayi, abu uku kenan, wanda ya yi biyu ya bar ɗaya ya yi wa kansa. Matsayinka ya fito tun sakin layi na farko. Kowane sakin layi magana ɗaya, dalilinta, da misali. Misalin kuma ba sai na Landan ba. In an tambaye ka kan ƙaura daga ƙauye zuwa birni, kana da abin da ke faruwa tsakanin ƙauyukanmu da cikin garin Sakkwato. In kan noma ne, ga albasa da shinkafar fadama.

Akwai kuma ƙananan kurakurai da Hausarmu ke janyo mana: barin a da the inda ya kamata su zo, manta s ta jam'i, fara labari a lokacin da ya wuce a ƙarasa shi a na yanzu. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, amma in kowace jimla tana ɗauke da guda, 6.5 ta yi nisa. Kai ba za ka gan su ba tunda kai ka rubuta. A nan ne amsar tambayarka ta lesin take. Ba sai ka biya kuɗin zama aji ana karanta maka abin da ke cikin littafi ba. Abin da kake buƙata mutum ne da ya san ma'aunin jarabawar, ya riƙa bi maka rubutunka da jan biro, ka sake rubuta wanda ya gyara kafin ka taɓa sabo. In ka samu irinsa a cikin malaman Turanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko ta intanet, kuɗinka bai tafi a banza ba. Wanda zai ba ka insha'i ka haddace kuwa ka gode masa ka wuce, domin masu dubawa sun san haddar da zarar sun gan ta, kuma suna rage maki a kanta.

Magana minti 11 zuwa 14 ce, kai da mai jarabawa. A nan ladabinmu ne ke cutar da mu. An koya mana gaban babba a sunkuyar da kai a taƙaita, sai a tambayi mutum ko yana son garinsu ya ce e, ya yi shiru. To me za a auna? Ka ce e, ka kawo dalili, ka ƙara da misali. A kashi na biyu za a ba ka kati mai batu, minti ɗaya ka yi tunani, ka yi magana har minti biyu ba tsayawa. Ka gwada yanzu da agogo, za ka ga minti biyu tana da tsawo. In an ce ka bayyana wani wuri mai tarihi, ga Hubbaren Shehu, ga fadar Sarkin Musulmi. In biki ne, ga kamun kifi na Argungu. Kada ka wahalar da kanka wajen murɗe harshe ka zama Bature, babu mai rage maka don an ji Hausa a bakinka, muddin ana fahimtarka. Abin da za ka yi wa aiki shi ne p da f, da b da v, don su suna canza ma'anar kalma. Ka riƙa ɗaukar muryarka a waya kana saurare. Ka samu abokan aiki biyu ku ware rabin awa bayan Isha'i ba Hausa, ko da za ku yi ta yi wa juna dariya a makon farko.

Lokacin karatu kuwa, ka san garinmu. Daga Maris zuwa Mayu babu kan da ke ɗaukar karatu da rana, balle an ɗauke wuta. Bayan Asuba ya fi, awa ɗaya da rabi kafin ka fita, sai ka sauke abin sauraro a waya tun dare. In a kwamfuta za ka rubuta, ka koyi buga rubutu da sauri tun yanzu, a kan kwamfutar gaske, ba waya ba. Daɗinta tana ƙirga maka kalmomi, gyara ba wuya, sakamako kuma yana fitowa cikin 'yan kwanaki.

Tunda nas ne kai, ka duba OET ma, wata jarabawar Turanci ce daban. Ita ta ma'aikatan lafiya ce: rubutunta wasiƙar miƙa marar lafiya ce ga wani ma'aikaci, maganarta kuma hira ce da wanda zai fito a matsayin majiyyaci. NMC tana karɓarta da B a sauraro da karatu da magana, C+ a rubutu. Ta fi tsada, amma wanda ya saba da aikin ɗakin marasa lafiya yakan fi sakewa a cikinta. Kuma in ka yi IELTS ka gaza da rabin maki a sashe ɗaya, NMC tana yarda a haɗa sakamakon zama biyu da aka yi cikin wata 12, da sharaɗin babu sashen da ya faɗi ƙasa da 6.5, rubutu kuma ƙasa da 6. Ana kuma iya neman masu IELTS su sake duba takarda cikin mako shida.

Sai tafiya. Ni Abuja na je. Fasfo ɗinka ya zama a hannu kuma da sauran wa'adi kafin ka yi rajista, don da shi za ka yi, shi kuma za ka nuna ranar, sunanka ya zo daidai harafi da harafi. Ana iya sa maka magana a wata rana daban da sauran ukun, to ka duba saƙonsu kafin ka kama masauki. Ka isa kwana ɗaya kafin ranar, kada ka yi tafiyar dare a hanyar Gusau, in da hali ka hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III. Sakamakon shekara biyu yake yi, kuma a cikinsu za ka yi tantancewar hukumar nas-nas ta Najeriya, da jarabawar kwamfuta ta NMC, da neman asibitin da zai ɗauke ka, don haka kada ka rubuta sai sauran takardunka sun kusa haɗuwa. Gwajin tarin fuka da ake nema don biza wata shida kawai yake yi, shi ka bar shi sai ƙarshe.

Ranar Asabar ka yi gwajin nan da na ce, ka kawo mana makin sauraro da na karatu a nan. Insha'in kuma ka ɗauki hotonsa ka turo mini yadda yake, kada ka gyara komai, in duba maka in sha Allahu.