Fasfon Amurka bai cire mu daga Hausa ba

Ɗan uwa, wannan tambayar ba kai ka fara yin ta ba, duk wanda ya je gida hutu sai an tare shi da ita, wai tunda mun ɗaga hannu mun yi wa gwamnatin Amurka rantsuwa to shikenan mun zama nasu, addini ya tafi, Hausa ta tafi, 'ya'ya kuma sun zama na gwamnati. Wallahi maganar tana min ciwo, shi ya sa zan ba ka amsa a tsanake.

Ita gwamnatin tarayyar da kuke gani a talabijin kamar ita ke juya komai, a zamanmu na yau da gobe ba ta cika shigowa ba, don tun asali a tsorace aka kafa ta. Yankuna 13 ne da ke ƙarƙashin sarkin Ingila suka ɓalle a 1776, kuma saboda sun ɗanɗana mulkin sarki sai suka fara da gwamnatin tsakiya wadda ko haraji ba ta da ikon karɓa, sai dai ta roƙi jihohi su ba ta. Bashin yaƙi ya yi musu katutu, manoma suka yi bore a jihar Masacuset a 1786, dole a 1787 wakilai suka taru a Filadelfiya suka rubuta tsarin mulkin da ake aiki da shi har yau, Joj Washintan ya hau a 1789. Sai suka kasa ikon gida uku, majalisa da shugaban ƙasa da kotu, kowa na riƙe da wuyan rigar ɗan uwansa. Manyan jihohi da ƙanana sun yi ta ja-in-ja kafin a daidaita cewa kowace jiha sanata biyu, wakilai kuma gwargwadon yawan jama'a, shi ya sa yanzu akwai sanatoci 100 da wakilai 435, kuma Wayomin da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba sanatocinta daidai suke da na Kalifoniya mai kusan miliyan 39. Ai ku ma ba baƙon abu ba ne a wajenku, tsarin da Shagari ya hau mulki da shi a 1979 daga nan aka kwaikwayo shi.

Duk wannan sai da muka haddace kafin a ba mu takardar zama 'yan ƙasa. A lokacinmu tambayoyi 100 ne, a yi maka har 10 ka ci 6. Uwargida tana tuƙa tuwo babbar 'yarmu na jefo mata tambaya, alƙalan kotun ƙoli nawa ne, ta ce tara, shekara nawa sanata ke yi, ta ce shida, matar da a gida allo kawai ta yi. Ranar da ta ci da lulluɓinta ta shiga, da shi ta fito, da yamma aka yi waina aka kira maƙwabta.

Batun addini kuwa nan ne na fi so ka saurara. Gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin a 1791 ya hana gwamnati kafa addinin ƙasa, ya kuma hana ta hana kowa yin nasa, sannan a cikin ainihin kundin an rubuta cewa ba za a sa addini ya zama sharaɗin riƙe muƙami ba. Keith Ellison, musulmi na farko a majalisar tarayya, da ya shiga a 2007 da Alƙur'anin da tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya taɓa mallaka ya yi bikin rantsuwarsa, a 2019 kuma aka sassauta dokar hana rufe kai a zauren majalisar wakilai da 'yar majalisa musulma Ilhan Omar ta shigo da mayafinta. Mu nan Bronx, a birnin Niyok, muna da masallatanmu, ana tafsiri da Hausa da azumi, ana suna ana yanka rago, makarantun gwamnati na birnin Niyok suna hutun Sallah, kuma wannan ma ba daga gwamnatin tarayya ya zo ba, birni ne ya yanke a 2015 bayan musulmi sun daɗe suna nema. Ba ina ce maka aljanna ce ba fa. Waɗanda suka rubuta kundin da yawansu bayi gare su, har suka ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru, kuma mun ga yadda aka dinga kallonmu bayan harin 11 ga Satumba na 2001, mun ga yadda a 2020 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama. Amma kotu na nan, kuma muna da ƙuri'a.

Sai aure, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ranka ko da ba ka faɗa kai tsaye ba. Eh, 'yata baƙar fata ɗan Amurka ta aura. Musulmi ne ɗan musulmi, kakansa ne ya karɓi addini, kuma ba ya wasa da sallar asuba. Aure a nan hurumin jiha ne, ka je ofishin birni ka karɓi takarda, sannan mu koma masallaci a yi namu da waliyyi da shaidu da sadaki, a raba goro da dabino, haka aka yi nata, ni na ba da ita da bakina. Amma labari ya iso min cewa a gida ana ta cewa ai ba shi da asali. Mutumin da aka kamo kakanninsa daga yankinmu na Afirka ta Yamma aka sayar, shi ne za mu goranta wa asali? Kada ka manta sai a 1967 kotun ƙoli ta soke dokokin jihohin da suka haramta aure tsakanin fari da baƙi, baƙaƙen fatar Amurka su suka sha duka da ɗauri kafin mu zo mu samu wajen zama. Abin da doka ta hana mu shi ne auren mace fiye da ɗaya, tun ƙarni na 19 kotun ƙoli ta yanke wannan a shari'ar 'yan ɗarikar Momon, masu auren mata da yawa a lokacin, kuma wannan kam yana damun wasu mazanmu, ba zan ɓoye ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana yawan ba mu labarin ƙanen kakanmu da ya bi fatake neman goro ya zauna a zangon Kumasi ya yi aure can, ba wanda ya taɓa cire zuri'arsa daga dangi. Ga jikokin irin su nan cike da Bronx, Hausawan Gana, tare muke sallah da su da 'yan Nijar, in ka ji ana ciniki a wasu shagunan sai ka ɗauka Kantin Kwari kake.

Inda nake da damuwa da gaske shi ne harshen yara. Gyara na 14 na 1868 ya sa 'ya'yan da muka haifa nan 'yan ƙasa ne tun ranar haihuwa, amma ba gwamnatin da ta hana su Hausa, aiki ne ya cinye iyaye, uba yana tasi da dare uwa tana aikin kula da tsofaffi, yaro yana makaranta da Turanci tun safe. Muna ƙoƙari, ranar Asabar da Lahadi akwai islamiyya, a gidana ba a gaishe ni a tsaye ko da Turanci. To amma ku ma ku taimaka mana. Autana ya dage ya gaida gwaggonsa a waya da 'yar Hausarsa, ya ce "ina kwana" da yamma, aka kwashe da dariya har ana kiran wasu su zo su ji, tun daga ranar in na miƙa masa waya sai ya noƙe kafaɗa. Bana in Allah ya kai mu zan zo da shi babbar Sallah, don Allah ka ja kunnen yaran gida kafin mu iso.